Gani Ya Kori Ji: Yadda Sabon Abu Yake Samun Karɓuwa a Wurin Jama'a

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa leƙa ɗakin ajiya na wata cibiyar binciken aikin gona, ko na sashen injiniya a jami'a, ba zai rasa ganin wasu na'urori jingine a lungu ƙura ta lulluɓe su ba. Wata ta sussukar masara ce, wata ta ɓarar gyaɗa, ga kuma murhu mai rage cin itace. An kashe kuɗi da shekaru wajen ƙera su, an gwada an tabbatar suna aiki, har ma an nuna su a wajen baje koli an yi tafi. Amma da taro ya watse sai aka mayar da su inda aka ɗauko su. A ɗaya ɓangaren kuwa, ga dunƙulen Maggi da taliyar Indomie da wayar salula, waɗanda kakanninmu ba su san su ba, sun shiga birni da ƙauye ba tare da wani ya tilasta wa kowa ba.

Tambayar da wannan maƙala za ta yi ƙoƙarin amsawa ita ce: me yake sa jama'a su rungumi wani sabon abu, su juya wa wani baya, alhali sau da yawa wanda aka ƙi bai gaza wanda aka karɓa amfani ba? Wannan tambaya ta shafi ɗan kasuwar da ya zuba jarinsa, ta shafi masanin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa a ɗakin bincike, ta kuma shafi manomin da ake so ya bar abin da ya gada. Mai karatu zai iya mamakin abin da ya haɗa ilimin halittu da sha'anin kasuwa. To, kamar yadda za a gani, binciken da ya aza harsashin wannan fanni a gonar masara aka yi shi, kuma lissafin da ake amfani da shi daga nazarin yaɗuwar halittu aka aro shi.

Darasi Daga Kwalbar Gwaji

Akwai wani gwaji da ɗaliban ilimin halittu kan yi tun a shekarunsu na farko a jami'a. Ana samun kwalba mai ɗauke da romon da ƙwayoyin bakteriya ke ci, a sa 'yan ƙwayoyi kaɗan a ciki, sa'an nan a riƙa ƙidaya su lokaci bayan lokaci. Da farko sai a ga kamar babu abin da ke faruwa. Can sai adadin ya fara hawa, ya yi ta ninkawa cikin sauri. Akwai nau'in bakteriya da ke zaune a hanjin ɗan'adam wanda, idan ya sami abinci da ɗumin da yake so, yakan rabu biyu cikin kowane minti 20. Ke nan ƙwaya ɗaya takan zama 8 cikin awa guda, ta kuma haura miliyan 2 cikin awa 7. Amma wannan gudu ba ya ɗorewa. Abinci yakan ragu, wuri ya yi ƙunci, sai hawan ya lafa har ya tsaya.

Idan aka zana wannan a takarda, za a sami layi mai kama da harafin S da aka ja shi ta gefe biyu: kwance a farko, miƙe a tsakiya, kwance a ƙarshe. Wani masanin lissafi ɗan ƙasar Beljiyam mai suna Pierre Verhulst ne ya fara tsara lissafin wannan layi a shekarar 1838, lokacin da yake nazarin ƙaruwar yawan jama'a. Annoba ma haka take tafiya a gari: mai ɗauke da cuta ya shafa wa na kusa da shi, shi ma ya shafa wa wasu, har waɗanda ba su kamu ba su yi ƙaranci.

Abin lura a nan shi ne, duk inda aka ga wannan layi, to akwai abin da ke wucewa daga ɗaya zuwa ɗaya. Da masana suka ƙidaya yadda mutane ke karɓar sababbin abubuwa shekara bayan shekara, sai suka tarar da wannan layi dai. Wannan ya nuna cewa karɓar sabon abu ma daga mutum zuwa mutum take bi.

Masarar Jihar Ayowa

Jihar Ayowa tana tsakiyar ƙasar Amurka, kuma masara ce babban abin nomanta. Har zuwa shekarun 1920 manoman wurin suna yin abin da manomanmu suka saba yi, wato idan kaka ta yi sai mutum ya zaɓi goyon da ya fi kyau ya ajiye don irin baɗi.

Tun a 1908 wani masanin tsirrai mai suna George Shull ya gano wani abu game da masara. Ita masara, furen namiji yana can ƙololuwar kara, na mace kuwa shi ne gemun da ke jikin goyo, iska ce ke kwasar ƙurar fure daga wannan kara zuwa wancan. Shull ya riƙa tilasta wa kowane kara ya yi barbara da kansa shekara bayan shekara, sai ya ga zuriyar tana ta ƙanƙancewa tana rauni. Amma da ya haɗa irin waɗannan raunanan zuriyoyi guda biyu da ba su da dangantaka, sai 'ya'yansu suka fito da ƙarfi da yabanya fiye da kakanninsu na asali. Wannan ita ce masarar da muke kira mai aure. Wajen 1918 wani masanin, Donald Jones, ya fito da dabarar auren zuriya huɗu, wadda ta sa samar da irin ya yi arahar da za a iya sayar da shi. A 1926 Henry Wallace, wanda daga baya ya zama mataimakin shugaban ƙasar Amurka, ya kafa kamfanin sayar da wannan iri, kamfanin da aka sani daga baya da suna Pioneer.

Sabon irin ya fi na gargajiya yawan amfani da kimanin kashi 20 cikin ɗari, ya kuma fi jure fari. Sai dai yana da sharaɗi guda mai nauyi. Idan manomi ya ajiye iri daga abin da ya girbe ya shuka baɗi, halayen da aka haɗa za su warwatse bisa ƙa'idar gado da Gregor Mendel ya bayyana, gonar ta fito wani dogo wani gajere, amfani ya ragu. Dole ne a koma wurin kamfani a sayi sabo kowace shekara. Ga kamfani wannan kasuwa ce mai ɗorewa. Ga manomi kuwa, an ce masa ne ya bar abin da yake samu kyauta a rumbunsa ya fitar da kuɗi, kuma a shekarun da tattalin arzikin Amurka ya durƙushe, farashin masara ya faɗi warwas.

A 1941 wasu masana halayyar zaman jama'a biyu na Kwalejin Jihar Ayowa, Bryce Ryan da Neal Gross, suka bi manoma 259 a garuruwa biyu suna tambayar kowa: yaushe ka fara jin labarin irin nan, daga bakin wa, yaushe ka fara shukawa, kuma wa ya shawo kanka? Sun buga sakamakon a 1943, kuma ga abin da suka gano.

Na farko, daga 1928 da irin ya fara shiga hannun manoma zuwa 1933, kashi 10 cikin ɗari kaɗai suka karɓa. Zuwa 1936 adadin ya kai wajen kashi 40. Zuwa 1941 kuwa, mutum biyu kawai suka rage daga cikin 259. Layin nan mai kama da S ya fito sarai.

Na biyu, tsakanin jin labari da fara shukawa, manomi yakan ɗauki kimanin shekara biyar. Ko da ya fara, ba ya ba da gonarsa duka. Yakan ware 'yan kunyoyi ya gwada, ya ƙara baɗi, sai bayan shekara uku ko huɗu ya sallama gaba ɗaya. Har waɗanda suka zo daga baya, bayan maƙwabtansu sun daɗe da tabbatar da kyawun irin, sai da kowa ya yi nasa gwajin.

Na uku, kuma wannan ne ya fi muhimmanci, mafi yawan manoma daga bakin dillalan kamfani suka fara jin labarin irin, amma da aka tambaye su wanda ya sa suka yarda, sai suka ambaci maƙwabta. Aikin talla ya tsaya ga sanarwa. Shawo kai kuwa, gonar maƙwabci ce ta yi shi.

Masu sayar da irin sun fahimci haka tun kafin masana su rubuta. Sukan ba manomi ɗan iri ya shuka gefe da gefe da nasa, don shi da duk mai wucewa su ga bambanci. Fari mai tsanani da aka yi a 1934 da 1936 ya ƙarasa musu aikin, domin gonakin tsohon iri sun ƙone, na sabon sun fi tsayawa.

Rukunan Masu Karɓa

A cikin yaran da suka ga farin 1936 akwai wani ɗan shekara biyar mai suna Everett Rogers, ɗan wani manomi a Ayowa. Mahaifinsa ya ƙi sabon irin, sai da ya ga masararsa ta yi yaushi ta maƙwabcinsa na tsaye, sa'an nan ya sauka daga ra'ayinsa. Rogers ya girma ya zama malamin jami'a, a 1962 kuma ya wallafa littafin da ya tattara ɗaruruwan bincike kan yaɗuwar sababbin abubuwa a fannin noma da lafiya da ilimi da masana'antu. A ciki ya kasa masu karɓa gida biyar. Don sauƙin fahimta, bari mu ɗauki gari mai magidanta 200.

Rukuni na farko su ne masu ƙundumbala, kashi 2.5 cikin ɗari, wato mutum 5. Masu yawan tafiye-tafiye ne, suna da hulɗa da waje, suna kuma da abin hannun da ko gwaji ya ɓaci ba za su kwana da yunwa ba. Sai dai mutanen gari ba safai suke koyi da su ba, domin ana yi musu kallon masu rawar kai.

Rukuni na biyu su ne na gaba-gaba, kashi 13.5, wato mutum 27. Waɗannan su ne ake girmamawa, ake zuwa wurinsu neman shawara. Ba sa garaje, saboda haka idan suka taɓa abu sai a ce lalle akwai alheri a ciki. A nan mabuɗin gari yake.

Rukuni na uku su ne jama'ar farko, kashi 34, mutum 68, masu jira su ga yadda ta kaya da na gabansu. Na huɗu jama'ar baya, su ma kashi 34, waɗanda ba sa motsi sai abu ya zama ruwan dare, ko kuma rashinsa ya fara jawo musu hasara. Na biyar su ne 'yan ƙarshe, kashi 16, mutum 32, masu riƙo da abin da aka gada.

Ya kamata a fahimci cewa waɗannan alƙaluma ma'auni ne na lissafi da Rogers ya yanka don sauƙaƙa nazari, ba a haifi kowa da tambarin rukuninsa ba. Mutumin da ya riga kowa sayen sabuwar waya yana iya zama na ƙarshe wajen sauya irin dawarsa. Amfanin rabon shi ne ya nuna wa mai kaya cewa abin da ya ja hankalin mutum biyar na farko ba shi zai ja hankalin sauran ba. Na farko sabunta suke so, na tsakiya tabbaci suke nema. A 1969 wani malamin harkar kasuwanci, Frank Bass, ya mayar da wannan tunani lissafin da kamfanoni ke hasashen ciniki da shi. Lissafin ya raba masu saye biyu: waɗanda talla ya jawo, da waɗanda suka yi koyi da wasu. A yawancin kayayyakin da aka auna, ƙarfin koyi ya ninka na talla sau da yawa.

Siffofi Biyar Na Abin Da Ke Karɓuwa

Baya ga halin mutane, shi kansa sabon abin yana da siffofin da ke sa shi gudu ko rarrafe. Rogers ya lissafa guda biyar.

Ta farko ita ce fifiko, wato ya fi abin da ake da shi a idon mai amfani. A lura, idon mai amfani aka ce, domin abin da masani ya auna a ɗakin bincike ba lalle ne ya zama abin da ya dami mai saye ba. Irin dawa mai gajeren kara yana iya ba da hatsi mai yawa, amma manomin da ke bukatar kara don danni da rufin ɗaki da abincin dabbobi yana da nasa lissafin. Kamfanin Coca-Cola ya koyi wannan darasi a 1985. Bayan ya ɗanɗana wa mutane kusan 200,000 sabon haɗi, akasarinsu suka ce ya fi daɗi, sai ya janye tsohon lemonsa daga kasuwar Amurka a watan Afrilu. Jama'a suka yi ca, kwana 79 kacal aka dawo da tsohon. An auna harshe, an manta da sabo.

Ta biyu ita ce dacewa da al'ada da aƙidar mutane. A shekarun 1950, a wani ƙauye mai gidaje 200 a ƙasar Peru, wata ma'aikaciyar lafiya ta shekara biyu tana bin gida-gida don mata su riƙa tafasa ruwan sha, saboda zazzaɓin taifot da makamantansa. A ƙarshe mata 11 kaɗai ta shawo kansu. Masanin da ya bi diddigin lamarin, Edward Wellin, ya gano cewa mutanen wurin sun kasa abinci da abin sha gida biyu, mai zafi da mai sanyi, kuma a wurinsu dafaffen ruwa na marar lafiya ne. Mai lafiya ba ya shan sa. Bayanin ƙwayoyin cuta da ido ba ya gani bai ratsa wannan aƙida ba.

Ta uku ita ce sauƙin fahimta da sarrafawa. Na'urar da sai an kira injiniya daga birni idan ta tsaya, ba za ta yi tsawon rai a ƙauye ba. Babur da injin ban ruwa sun zauna da gindinsu ne saboda kusan kowace kasuwa tana da bakanike da kayan gyaransu.

Ta huɗu ita ce damar gwadawa kaɗan-kaɗan. Bahaushe ya ce ba a cinikin biri a sama. Lokacin da madarar Cowbell ta shigo kasuwar Nijeriya a 1993 cikin ƙananan ƙulli na leda, ta isa ga mutanen da ba sa iya sayen gwangwani, mai shayi da mai tebur suka zama dillalanta. Haka nan, wayar salula ta tsarin GSM ta fara aiki a Nijeriya a 2001 ana cajin kira da minti, sai kamfanin Glo ya zo a 2003 da cajin daƙiƙa, sauran kamfanoni suka bi sahu. Ko'ina dabarar ɗaya ce: a rage abin da mutum zai yi hasara idan gwajin bai yi masa daɗi ba.

Ta biyar ita ce bayyanar sakamako. Abin da ake gani daga bakin hanya, kamar koren gonar da ta sha taki, yana tallan kansa. Shi ya sa riga-kafi yake da wuyar tallatawa, ko da yake ya fi magani. Sakamakonsa shi ne ciwon da bai zo ba, kuma ba a nuna abin da bai faru ba.

Misali Daga Gida: Buhun Adana Wake

Nijeriya da Nijar su ne kan gaba a duniya wajen noman wake, kuma babban abokin gabar wake a rumbu wani ɗan ƙwaro ne da bai kai girman ƙwayar dawa ba. Macen takan manna ƙwai a bayan ƙwayar wake. Tsutsa ta ƙyanƙyashe ta huda ta shiga ciki, ta ci ta girma, ta fito a matsayin cikakken ƙwaro cikin kimanin wata guda, ta bar rami. Tun daga gona ake shigo da ƙwan, kuma kowace mace tana yin ƙwai masu yawa, saboda haka cikin 'yan watanni buhu yakan koma huji da gari. Wannan ne ke tilasta wa manomi sayarwa da kaka lokacin da wake ba shi da daraja, ko kuma ya zuba masa maganin ƙwari. Illar hanya ta biyu ba ɓoyayya ba ce. An sha samun iyalai da suka kwanta asibiti bayan cin wake, kuma a 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan guba da aka samu a jikinsa.

Tun a ƙarshen shekarun 1980 wani masanin ƙwari na Jami'ar Purdue ta Amurka, Larry Murdock, tare da masana na ƙasar Kamaru a yankin Marwa, suka gwada adana wake cikin leda rufi uku ba tare da magani ba. Buhun da aka daidaita daga baya, wanda ake kira PICS, yana da leda biyu masu kauri a ciki, da buhun saƙa a waje, kowanne ana ɗaure bakinsa daban. Yadda yake aiki ilimin halittu ne tsantsa. Iskar da muke shaƙa tana da oksijin kashi 21 cikin ɗari. Idan aka ɗaure buhun, ƙwarin da ke ciki su da kansu za su shanye oksijin ɗin har ya yi ƙasa ƙwarai, sai su daina ci da hayayyafa. Daɗin daɗawa, ƙwaron da ke zaune cikin busasshen hatsi yana samun mafi yawan ruwan jikinsa ne daga ƙona abinci da oksijin. In babu oksijin babu ruwa, sai ya bushe ya mutu.

Dabarar tana aiki, amma ta yi kusan shekara ashirin ba ta yaɗu sosai ba. Sai a 2007, da Gidauniyar Bill da Melinda Gates ta ba da tallafi, aka fito da shirin kai ta ƙasashe goma na Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, tare da cibiyoyi irin su IITA a Nijeriya da INRAN a Nijar. Matsalar da aka fuskanta ita ce ta siffa ta biyar: amfanin buhun a ɓoye yake, kuma sai an jira watanni. Ga yadda aka warware ta. Malamin gona yakan tara mutanen ƙauye da kaka, 'yan mutane daga cikinsu su kawo wakensu na kansu, a zuba a ɗaure a gaban kowa, kowa ya tafi da buhunsa gida. Bayan wata huɗu zuwa shida sai a sake taruwa a kwance buhunan a bainar jama'a. Mutane su sa hannu su damƙi waken maƙwabcinsu da suka sani, su ga yana nan kamar ranar da aka zuba shi. An yi haka a ƙauyuka fiye da 30,000, rediyo kuma yana ta sanarwa cikin harsunan gida.

Abu na biyu da shirin ya yi shi ne, bai dogara ga rabon kyauta ba. An ba masana'antun leda na yankin, har da na Kano, damar yin buhun, aka kuma nemi 'yan kasuwa su kai shi kasuwannin ƙauye su ci riba. Binciken da aka yi daga baya ya nuna cewa babban abin da ke hana manomi amfani da buhun shi ne rashin samunsa kusa a lokacin kaka. Wanda ya ga buɗe buhu ya gamsu, in ya je kasuwa bai samu ba, zai koma ga maganin da ya sani.

Hattara Dai

Kada mai karatu ya ɗauka cewa duk sabon abu alheri ne, ko kuma duk mai jinkiri jahili ne. Manomin da gonarsa ɗaya ce, in ta ɓaci iyalinsa za su yi shekara cikin yunwa, jinkirinsa hankali ne. Bincike ya sha nuna cewa masu riga karɓa galibi su ne masu hali, kuma su ke kwashe ribar farko, kafin talaka ya iso farashi ya sauka. Ta haka sabon abu kan iya faɗaɗa ratar da ke tsakanin mai shi da marar shi, in ba a yi tanadi ba.

Har ila yau, karɓuwar da ta game ko'ina tana da nata haɗarin. Masarar nan mai aure ta mamaye Amurka, har ya zama mafi yawan irin da ake shukawa sun haɗa wani gado guda ta wajen uwa, wanda kamfanoni suka zaɓa don sauƙaƙa aikin aure. A 1970 wata cutar ganye da ta fi kama masu wannan gado ta ɓulla, ta halaka kimanin kashi 15 cikin ɗari na masarar ƙasar a shekara ɗaya. Maganin ƙwari na DDT ma ya jawo wa Paul Müller, wanda ya gano ƙarfinsa, lambar yabo ta Nobel a 1948, amma a 1972 Amurka ta hana amfani da shi a gonaki saboda yadda yake taruwa a jikin kifi da tsuntsaye. Tsofaffin irin gero da dawa da wake da ke hannun waɗanda muke kira 'yan ƙarshe, su ne taskar da masu auren iri ke komawa gare ta idan sabuwar cuta ta zo. Da tsohuwar zuma ake magani.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata, mai son shigar da sabon abu cikin jama'a, ɗan kasuwa ne ko masani ko ma'aikacin lafiya, yana da tambayoyin da ya kamata ya amsa kafin ya kashe ko kwabo a kan talla. Shin abin ya warware matsalar da mutanen da kansu suka ɗauka matsala ce? Ya dace da yadda suke dafawa da nomawa da zama? Mutum zai iya gwada shi da ɗan abin da ba zai yi masa ciwo ba? Maƙwabci zai ga sakamakon da idonsa? Su wane ne ake jin maganarsu a garin, kuma an fara da su? Idan mutum ya gamsu, zai sami abin a kasuwar da yake ci, tare da mai gyara?

Ga mu ma'aikatan jami'o'i da cibiyoyin bincike, darasin ya fi nauyi. Mun saba ɗaukar cewa aiki ya ƙare ranar da gwaji ya yi nasara aka buga sakamako a mujalla. Masarar Ayowa ta ɗauki shekara 13 kafin ta game garuruwa biyu, buhun wake ya jira kusan shekara ashirin kafin a kai shi dandalin ƙauye. Ya kamata duk wani shirin bincike ya ware kuɗi da lokaci don gonar gwaji a bakin hanya, da zama da masu ƙira da 'yan kasuwa tun daga farko, da kuma sauraron dalilan waɗanda suka ƙi. Sau da yawa a bakin mai ƙi ake jin gyaran da abin yake bukata.